Na bi sawun kantele daga iyakar Rasha har Kaustinen

Ilomantsi, can gabashin ƙasar Finland, ba irin garin da mutum zai ratsa kan hanyarsa ta zuwa wani wuri bane, dan babu komai a gabansa sai daji da iyakar Rasha, in ka ganka a can to takanas ka je. Daga Helsinki jirgin ƙasa yana cin wajen awa 4 da rabi kafin ya kai Joensuu, inda ƙanina yake karatun harkar gandun daji a jami'a, daga nan kuma sai an ƙara kilomita 70 a mota ana nufar gabas. Ƙanin nawa ne ya matsa min, yace Yaya tunda Allah ya kawo ka ƙasar nan bai kamata ka koma baka ji kantele a gidansa ba, wanda ake kaɗawa baƙi a babban birni daban ne. Ni lokacin sunan kawai na sani, nasan dai shi ne kayan kiɗan da 'yan Finland suke ɗauka a matsayin na ƙasa.

Hanyar duk itatuwa ne dogaye a miƙe, sai tabki ya ɓullo ta dama ya ɓace wani ya ɓullo ta hagu, kana iya yin tafiya mai nisa baka ga mutum ko ɗaya a bakin titi ba. Watan Yuli ne, rana bata faɗuwa sai wajen sha ɗaya saura na dare kuma ko ta faɗi garin baya yin duhu, kafin ka ankara ta sake fitowa, dan haka magariba da isha da asuba duk sun matse a wuri guda, da jadawalin waya muke bi. Sauro kuwa ba'a magana, manya ne kuma ko da rana basa hutawa.

A gefen garin akwai wani tudu da ake kira Parppeinvaara, an jera gidajen katako irin na mutanen Kareliya na da a kansa, wato yankin da ya ratsa iyakar Finland da Rasha. Sunan wani mutum ne wurin ya ci, Jaakko Parppei, mawaƙin baka kuma makaɗin kantele da ya rayu a nan daga 1792 zuwa 1885. Ɗaya daga cikin gidajen an gina shi a 1964 dan tunawa da mawaƙan baka na yankin, a cikinsa ne 'yan mata suke zama da kayan gargajiyarsu, doguwar riga mai igiya a kafaɗa da suke kira feresi, suna kaɗawa duk wanda ya shigo. Mun shiga mun samu benci mun zauna, mu da wasu tsofaffi biyu mata da miji, babu wanda yace da wani uffan, haka mutanen ƙasar suke, shiru baya damunsu.

Yarinyar ta fara da babba mai tsirkiya da yawa da yake kan tebur, tayi waƙoƙi biyu masu daɗi, amma abinda ya kama ni sai da ta ajiye shi ta ɗauko wani ɗan ƙarami daga jikin bango ta ɗora a cinya. Guntun itace ne kawai wanda tsawonsa bai wuce kamu ɗaya da 'yan kai ba, gefe ɗaya siriri gefe ɗaya mai faɗi, an fafe cikinsa, tsirkiya biyar na waya sun taso daga siririn gefen sun bazu zuwa wasu 'yan turaku na katako da ake murɗawa. Shikenan. Ba wuya, ba fata, ba wurin danna yatsa a canza murya, kowace tsirkiya muryarta ɗaya tak. Na ce a raina to me za'a iya faɗa da murya biyar. Sai ta sa hannu biyu, yatsun suka shiga tsakanin juna, kowane yatsa da tsirkiyarsa, ta fara wani ɗan zagaye gajere tana maimaitawa tana ɗan sauya shi, kuma da yake bata tsayar da tsirkiyar da ta riga ta kaɗa ba sai amon ya dinga taruwa yana hawa kan juna har ɗakin ya cika, ka rasa ina wannan ta ƙare ina waccan ta fara. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Ba ƙara gare shi ba, in mota ta wuce a waje zata iya danne shi, amma yana daɗewa a iska fiye da yanda kake zato kuma yana wani rawa-rawa a cikin kunne.

Wannan rawar amon na tambaya daga baya aka min bayani, kuma bayanin ya burge ni dan ba wani sirri bane, aikin ɗauri ne. A siririn gefen akwai ɗan sandan ƙarfe a gicciye, a jikinsa ake ƙulla kowace tsirkiya, babu wani ɗan itacen tokari da ta hau kai. To saboda ƙullin, in tsirkiyar tana kaɗawa sama da ƙasa tsawonta daban, in tana kaɗawa gefe da gefe tsawonta ya ɗan bambanta kaɗan, sai ya zama murya biyu ne masu kusan zama ɗaya suke fita tare suna gogar juna. Abinda injiniya zai kira kuskure shi ne zaƙin abin gaba ɗaya.

Wata dattijuwa da take kula da wurin ta zauna da mu bayan an gama, ƙanina yana fassara inda Turancinta ya tsaya. Na ce mata Mama, wannan ƙaramin a da a wane irin taro ake kaɗa shi, biki ko suna. Tayi murmushi tace ana kaɗa shi a rawa, amma yawanci ba dan taro bane, mutum kansa yake kaɗawa. Magidanci ya dawo daga daji ko daga kamun kifi, ga dogon daren hunturu da rana bata fi 'yan awoyi ba, sai ya ɗauko abinsa ya zauna kusa da murhu yayi ta yi, awa ɗaya awa biyu, ba waƙar da ya haddace yake bi ba, abinda ya zo hannunsa ne, idonsa ya kafe a wuri guda har yaran gida su san ba'a masa magana. Tace masu bincike da suka zaga ƙauyukan Kareliya sun rubuta haka, musamman wani A. O. Väisänen da ya bi su da na'urar ɗaukar murya ta kakin zuma wajen 1916 da 1917. Cikin waɗanda ya ɗauka akwai Teppana Jänis na Suistamo, makaho, wanda yake bi gida-gida da kantele ɗinsa yana samun na abinci. Muryar kiɗansa tana nan har yau, da ƙarar tsufan na'ura da komai, kuma makaɗan yanzu irinsu Arja Kastinen daga irin waɗannan faya-fayan suka koma suka tono salon da ya kusa ɓacewa.

Kafin waya ta samu, da izgar doki ake murɗa tsirkiyar, gashin wutsiya dai irin wanda masu goge da kukuma suke ɗaurawa a wurinmu, daga baya aka koma tagulla sannan ƙarfe. Kuma ba Finland kaɗai ke da shi ba, dangi ne guda da suka zagaye tekun Baltik, Estoniya suna da kannel, Latbiya kokle, Lituweniya kankles, Rashawan arewa kuma gusli. Amma babu inda aka ɗora masa nauyin ƙasa gaba ɗaya kaman nan, kuma dalilin wani littafi ne.

Duk wanda ya taka ƙasar nan sai ya ji sunan Kalevala, a sunan titi, a sunan kamfani, a jikin sarƙar wuyan mata. Waƙoƙin baka ne na zamanin da, tun kafin Kiristanci ya zauna musu, wani likita mai suna Elias Lönnrot ya tattara ya ɗinke su suka zama labari ɗaya. An tura shi aiki Kajaani a 1833, daga nan ya dinga tafiya a ƙasa da kwale-kwale da katakon tafiya kan ƙanƙara yana shiga ƙauyukan Kareliya yana zama gaban tsofaffi yana rubuta abinda suke rerawa. Bugu na farko ya fito a 1835, cikakken kuma mai babi 50 a 1849, kuma ranar da ya sa hannu a gabatarwar, 28 ga Fabrairu, har yau ana ɗaga tuta saboda ita. A cikin labarin akwai wani tsoho mai hikima, Väinämöinen, wanda ƙarfinsa duk a waƙa yake. Suna tafiya a jirgin ruwa sai jirgin ya maƙale a gadon bayan wani ƙaton kifi mai dogon baki da haƙora, hauki suke ce masa, har yanzu yana cike da tabkunansu. Aka kashe kifin aka ci, sai tsohon ya dubi ƙashin muƙamuƙin yace wannan ba abin yarwa bane, ya ƙera kantele na farko da shi, haƙoran suka zama turaku, gashin dokin wani aljani ya zama tsirkiya. Kowa ya gwada ya kasa, yaro da babba. Da shi ya ɗora a gwiwa ya fara, sai namun daji suka fito, tsuntsaye suka sauko, kifaye suka taru a bakin gaɓa, babu namijin da bai yi kuka ba, shi kansa hawaye suka zubo masa suka gangara har cikin teku, da agwagwa ta nutsa ta ɗauko su sai gashi sun zama lu'ulu'u.

Tatsuniya ce, su ma a tatsuniya suka ɗauke ta, amma ci gaban ne ya fi zauna min. Wancan na ƙashin kifi guguwa ta kwashe shi ya faɗa teku, ya nema har ya gaji bai samu ba. Yana tafe a daji sai ya ji itacen koivu, wani mai farin ɓawo da yake ko'ina a ƙasar, yana kuka wai kullum ana ɓare masa fata ana sare masa rassa. Yace daina kuka zan mayar da kukanka farin ciki, ya sassaƙa sabo da shi, ya roƙi wata budurwa da take zaune tana jiran saurayinta ta bashi gashin kanta yayi tsirkiya. A ƙarshen littafin da zamaninsa ya wuce ya shiga jirgi ya tafi, abinda ya bar wa mutanensa shi ne kantele da waƙoƙinsa. To ka duba lokacin da wannan littafi ya fito. Finland ta shafe ɗaruruwan shekaru ƙarƙashin Suwidin, a 1809 ta koma hannun sarkin Rasha, masu ilimi da masu mulki da harshen Suwidin suke magana, harshen Finland kuwa na manoma ne da barori. Sai ga littafi yana cewa ku ma kuna da naku tarihin da naku gwarzon kuma makaminsa ba takobi bane. Daga nan kantele ya tashi daga gefen murhu ya hau tambari da zane da mutum-mutumi, har suka samu 'yanci a 1917.

Lönnrot ya sake fitar da wani kundin a 1840 na waƙoƙin zuci, yawanci na mata, ya raɗa masa suna Kanteletar daga sunan kayan kiɗan, kuma ɗaya daga cikin matan da ya fi samun waƙa a bakinsu 'yar wannan yanki ce ta Ilomantsi, Mateli Kuivalatar, ya same ta a 1838. Waƙar farko a kundin ma musu take yi da labarin kifin, tana cewa da baƙin ciki aka ƙera kantele ba da ƙashi ba. Bayan na ji yarinyar nan na fi yarda da wannan.

Mun ci abinci a kan tudun, ƙanina ya riga ya san abinda zamu kauce wa dan naman alade yana shiga girkinsu sosai, muka tsaya kan soyayyen ƙananan kifi da naman kaza na daji da wani ɗan burodi mai siririn ɓawo da ake cusa wa shinkafa a shafa man shanu da ƙwai, sai kofi wanda su kam basa gajiya da shi. A nan kusa akwai ɗakin katako na wani janar daga lokacin yaƙin duniya na biyu, dan a dazukan nan aka gwabza da sojan Sobiyet a 1944. Wannan ma yana cikin labarin kantele, dan bayan yaƙin Finland ta rasa babban yankin Kareliya, mutum sama da 400,000 suka kwashe kayansu suka dawo ta wannan gefen, kuma ƙauyukan da ƙaramin kantele ya fi daɗewa a raye, su Suistamo da Suojärvi, yanzu suna bayan shinge a ɓangaren Rasha. Dattijuwar ta nuna gabas da hannu tace iyayenta daga can suka taso. Bata ƙara komai a kai ba, mu ma bamu tambaya ba.

A hanyar komawa Joensuu wani abokin karatun ƙanina ya kai mu wurin wani dattijo da yake sassaƙa a rumfar bayan gidansa, ba sana'arsa bace, ya yi ritaya ne yake yi dan sha'awa. Manyan masu ƙerawa suna nan, akwai gidan Koistinen a Rääkkylä nan kusa da suke yi tun 1957 har da na lantarki, amma ni irin na Baban nan nake son gani. Ya nuna mana gungumen da ya ajiye yana bushewa, yace itace in bai sha shekaru a inuwa ba zai tsage ko ya murɗe bayan an ɗaura waya. Wasu ta ƙasa suke fafewa su bar cikin a buɗe, tebur ko cinya ya zama murfin, wasu ta sama su rufe da siririn allo. Yana fafewa yana ƙwanƙwasawa da yatsa yana saurara, yace kunne ne yake faɗa masa inda zai tsaya. Ya ɗora min ɗaya a cinya ya gyara min zama, yace na da can gajeriyar tsirkiya ce take fuskantar cikin mai kaɗawa. Muryoyin biyar a jere suke, re mi fa so la, kuma ta tsakiyar ita ce mai hukunci, in ka ɗan ɗaga ta kiɗan ya zama na murna, in ka sassauta ta kaɗan sai ya koma na kewa, murɗa guda ɗaya kawai. Sannan ya koya min ɗaya salon, ka sa yatsun hagu ka toshe wasu tsirkiyoyi ka share sauran da hannun dama gaba ɗaya, ka ɗaga waɗannan ka toshe waɗancan, kafin kofi ya huce ina raka shi waƙa. Na ce Baba ashe abin da sauƙi haka. Yace farawa ce mai sauƙi, shi yasa ake ba yara, amma zama da murya biyar awa guda baka gundura ba kuma baka gundurar da kowa ba, wannan sai wanda ya daɗe.

Da na dawo Helsinki sai na dinga ganin abin ko'ina. A gaban tsohon gidan ɗalibai a tsakiyar gari ga mutum-mutumin Väinämöinen da kantele ɗinsa, aikin Robert Stigell na 1888, mutane suna wucewa da ledar sayayya ba mai ɗaga kai. Gaba kaɗan ga mutum-mutumin Lönnrot na 1902 yana zaune da takarda yana rubutu, tsoho Väinämöinen yana gefensa. A nan na gane wani abu da ya dame ni. Lokacin da ake ta kafa waɗannan gumaka ana yi wa kantele kirari a waƙoƙin ƙasa, a daidai lokacin ne ainihin abin yake mutuwa a ƙauye. Goge irin na Turawa ya riga ya kwace filin rawa a yammacin ƙasar, akodiyon ya zo a ƙarshen ƙarni na 19 da ƙararsa ya ƙarasa sauran, sabbin waƙoƙi suna buƙatar muryoyi fiye da biyar. Masu birni suna son kantele a zane amma kunya suke ji a ce wannan guntun itacen shi ne kayan kiɗan ƙasarsu a gaban su piyano, dan haka aka shiga ƙara masa girma, aka daina fafe gungume aka koma haɗa allo kaman akwati, tsirkiya ta tashi daga 5 zuwa 10 zuwa 20 zuwa sama da 30. A shekarun 1920 wani Paul Salminen ya ƙera na dandali, wanda yau yake kai tsirkiya 39 ko kusa da haka, da wasu 'yan maɗaukai na ƙarfe a gefe da kake turawa su canza muryar tsirkiyoyi ana cikin kiɗa, dan a iya kaɗa kiɗan Turai na takarda da shi.

Na je na saurari irin wannan babban a wani ɗan zaure da yamma, wata ɗaliba ce take gwajin abinda zata gabatar, kuma gaskiya gwanar ce, hannu ɗaya yana kaɗawa ɗaya yana bin baya yana kashe amon da ba'a so, dan babban aikin mai babban kantele kenan, hana shi yin abinda ƙaramin yake taƙama da shi. Yana da kyau sosai, sai dai ni a kunnena ya zama ɗan uwan sauran kayan kiɗan zaure, in na rufe ido zan iya cewa wani abin ne daban. Ƙaramin kuwa babu abinda zaka rikita shi da shi. Wannan ra'ayina ne, na faɗa wa ɗalibar ma, tace malamanta da yawa zasu yi musu da ni amma ita da ƙaramin ta fara tana 'yar shekara biyar kuma har yanzu shi take ɗauka in ranta ya ɓaci.

Kaustinen tana can yamma, jirgi zuwa Kokkola sannan mota ƙasa da awa ɗaya, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya ta gonaki da jajayen rumbuna, ba ruwanta da dazukan gabas. Ƙauye ne na mutum dubu huɗu da wani abu amma duk Yuli tun 1968 yake cika ya batse da bikin kiɗan gargajiya, mako guda cur, kuma salon gogensu UNESCO ta saka shi a jerin gadon duniya a 2021. Goge ne sarki a nan, ko'ina ka juya tsofaffi ne a tsaye cikin baƙar falmaran suna ja, a ƙarƙashin itace, a bakin rumfar abinci, ba sai an basu dandali ba. Amma garin ne ya haifi Kreeta Haapasalo, matar da ta fara fitar da kantele daga ƙauye ta kai shi gaban manya. Matar talaka ce mai 'ya'ya da yawa, talauci ne ya tura ta hanya a shekarun 1850, ta dinga yawo da abinta tana rera waƙoƙin da ta tsara da kanta har Helsinki da Stockholm da St. Petersburg, manyan marubuta suna yabonta a jarida, wani mai zane Ekman ya zana ta a 1868 tana kaɗawa a ɗakin manoma kowa ya yi tsit. Yabon bai fitar da ita daga talauci ba har ta rasu a 1893. Na tsaya gaban mutum-mutuminta na daɗe, dan a wurina ita ce ta nuna gaskiyar lamarin fiye da tsohon tatsuniya, mace da yara da yunwa da kayan kiɗa a ɗaure a baya. Yankin kogin Perho, su Veteli da Halsua, har yanzu suna da nasu salon na babban kantele, kuma sun riƙe tsohuwar al'adar gajeriyar tsirkiya ta fuskanci mai kaɗawa duk da masu zaure sun juya nasu.

Wanda ya dawo da ƙaramin cikin mutane shi ne Martti Pokela, ya rasu a 2007. Tun shekarun 1950 shi da matarsa suke fitowa a rediyo da talabijin da mai tsirkiya biyar lokacin da kowa yake ganin abin gidan tarihi ne, yana fito da sabbin muryoyi daga jikinsa, daga baya ya koyar a makarantar kiɗa ta Sibelius wadda ta buɗe sashen kiɗan gargajiya a 1983, wato yaro zai iya yin digiri akan abinda makaho yake bara da shi shekara sittin da wani abu kafin nan. A 1982 kuma aka fara wani shiri na kai kantele makarantu, burinsu kowace firamare ta samu mai tsirkiya biyar. Ni a ganina wannan ne ya ceci abin, ba gumakan Helsinki ba. Yana da arha, baya karyewa da wuri, duk tsirkiyar da yaro ya taɓa bata yin muni da 'yar uwarta, dan haka ba'a korar kowa a ce bashi da baiwa. Yanzu har wuraren renon jarirai ana kaɗa shi, iyaye mata su zauna a da'ira da yaransu a cinya. Daga cikin waɗannan yaran ne aka samu masu haɗa shi da lantarki, da masu saka shi a kiɗan zamani, da irinsu Maija Kauhanen da take waƙa tana kaɗa kantele tana buga ganguna ita kaɗai har ta ci kyautar kiɗa ta ƙasashen arewacin Turai a 2023. Har Japan akwai ƙungiyoyin masu kaɗa shi.

Na ga abin da idona a babban filin bikin, ranar da yaran da suke kira Näppärit suka hau. Ɗaruruwa ne, daga wanda bai fi shekara huɗu ba har 'yan sakandare, mafi yawa da goge, amma a gaba an jera masu kantele a zaune a ƙasa, wasu ƙafarsu ko takalmi babu. Tsarin nasu shi ne ba'a tantance kowa, gwani yana kaɗa waƙar gaba ɗaya, na tsakiya yana bin saukakken layi, sabon shiga tsirkiya ɗaya ko biyu aka bashi yana jiran lokacinsa ya zo ya taɓa, kuma duk waƙa ɗaya ake yi. Hayaniya ce sosai, iyaye suna ɗaga waya, wani yaro yana kuka an sauko da shi an mayar da shi, ƙananan kantele ɗin ma da kyar ake jinsu a ƙarƙashin gogen. Wata malamar firamare da muka zauna kusa tace min kar in ɗauka ko'ina haka yake, akwai makarantu da yawa da kantele ɗin yana rataye a bango ya saki dan malamin da ya iya ɗaure shi ya bar aiki, kuma awannin kiɗa a jadawali basu da yawa, shi yasa duk bazara take zuwa nan ta ƙaro ilimi ta koma ta koya wa abokan aikinta. Na tambaye ta nawa ake sayar da ƙaramin, ta rubuta min sunayen masu ƙerawa a bayan takardar shirin bikin, tace in tabbatar na haɗa da ɗan makullin ɗauri da tsirkiyar canji tunda inda zan kai shi babu shagon da zan samu, kuma in kiyaye shi da iskar hunturunmu dan bushewa tana tsaga itacen.

Inda ban samu kaiwa ba shi ne Kuhmo, can arewa maso gabas, inda akwai wata cibiya mai suna Juminkeko da take tara duk abinda ya shafi Kalevala har da fassarorinsa. An juya littafin zuwa harsuna sama da 60, cikinsu har da Swahili da Fulatanci, kuma ina son in ga yanda Bafulatani ya faɗi labarin ƙashin kifin nan da bakinsa. In Allah ya sake kai ni kafin ƙanina ya gama, can zan fara nufa, jirgi zuwa Kajaani garin da Lönnrot yayi likitanci, daga nan bas wajen kilomita 100.